Ƙamshin Kafinta na Ƙarfe Biyar

Kafin masu shagunan layin su gama hamma, Baba Mai Turare ya riga ya ɗaga ƙofarsa. Ba ya shan shayi sai ya gama aikin safe, ba ya cin abu mai albasa, wai hanci ma'aikaci ne, ba a tura shi aiki a gajiye. Zai share ɗan shagon nan da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ya goge kwalabe ɗaya bayan ɗaya da wani farin tsumma da ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Sannan ya zauna kan kujerarsa mai gajeriyar ƙafa, wadda ya tokare da murfin kwalba, ya yi ta yanka farar takarda siri-siri don gwaji. Shekara arba'in da ɗaya haka. Ƙarshen watan nan zai rufe, shi ya sa na ce a zauna a rubuta mini wannan. Ni ban yi makaranta ba, amma wanda ya taka ni ban manta ba, wanda ya tallafe ni ma ban manta ba, kuma na biyun ya fi hana ni sukuni.

In ka shiga shagon, kanta biyu ce. Ta dama 'yan asali ne, waɗanda aka tatso daga itace da fure: man sandal, wardi, ɓawon lemo, kanumfari, duk cikin baƙaƙen kwalabe don kada rana ta gan su. Ta hagu 'yan kamfani ne, waɗanda aka haɗa da inji, farare tas kamar ruwa. Ba ya zagin na hagu gaban mai saye, amma in zai ɗauko su sai ka ga ya ɗan yamutsa fuska, kamar mai gaida surukin da bai so ba.

Yakan ce turare baƙi uku ne a kwalba ɗaya. Akwai mai sallama, irin su lemo, shi kake fara ji, kafin ka kai bakin titi ya tafi. Akwai mai hira, irin su wardi, ya zauna da kai har azahar. Sai mai kwana, shi ne ke maƙale wa tufa har a wanke. Ko tambaya ba ka yi ba sai ya faɗa maka wannan, don Baba bai iya rowar sani ba. Mai gyaran takalman da ke maƙwabtaka da shi shaida ne: wata matar aure ta taɓa zuwa da wuya duk ya ƙone, ta haɗa nata a gida ta shafa man kanumfari zallansa. Baba ya ajiye masu saye a tsaye, ya zaunar da ita, ya nuna mata ɗigo nawa ake sawa cikin man da ba shi da ƙamshi, da yadda ake gwadawa a bayan hannu a jira. Mai takalma ya ce masa yana koya wa mutane yadda za su daina zuwa wurinsa. Baba ya ce gara su daina zuwa da su zo da wuya a saɓule.

To, ga abin da ya sa nake magana.

Autata ta yi aure da wani kafinta, mutum mai ƙarancin magana, shekara goma sha tara. Bara ciwon kwana shida ya ɗauke shi. Aka raba kayansa, ita ba ta ce a bar mata komai ba sai hular da yake zuwa aiki da ita. Ta sa ta cikin leda ta ɗaure bakin. Kullum ƙarfe biyar na yamma, lokacin da ya saba dawowa, sai ta shiga ɗaki ta kwance ledar, ta shaƙa, ta ɗaure. Da wannan take samun cin abincin ranar. Amma ƙamshi ba ya zama don ana son sa. Wata huɗu, ta fara cewa yana raguwa. Ta koma buɗewa sau ɗaya a mako, tana tattalinsa, ita kuma tana ramewa har zobenta ya fara zamewa. Na ga in hular nan ta yi shiru, 'yata za ta bi ta. Na ce ta ɗauko mayafi mu tafi wurin Mai Turare, tunda shi ke haɗa wa marigayin.

Baba ya yi mana ta'aziyya, ya ce ai wannan ba aiki ba ne, shekara goma sha tara yana haɗa wa Kafinta, ko ido rufe zai yi. Auta ta miƙa masa ledar, ya ce ta bar ta a ɗaure, ba ya bukata. Ya ɗiga wannan, ya ɗiga wancan, ya sa kwalbar cikin aljihun tebur ya ce sai ta huta mako uku, don baƙin su saba da juna. Da muka dawo, Auta ta shafa a hannu ta kai hanci. Ta daɗe.

"Yana da daɗi, Baba," ta ce. "Amma ba shi ba ne."

Na ga ransa ya sosu. Mutumin da ba a taɓa dawo masa da kwalba ba. Ya ce mu ba shi wani mako ukun. Wannan karon sai ya yi abin da mai turare kaɗai zai yi: ya ga tunda na marigayi ne, bari ya girmama shi. Ya cire ɗigo biyu na miskin kamfani da ya saba sawa, ya ɗauko wani tsohon sandal da yake ɓoyo tun kafin a haifi Auta, ya zuba ba tausayi. Ta shaƙa, ta mayar da murfin a hankali. Ta ce wannan kam wani babban mutum ne ya zo wucewa, mijinta bai taɓa yin wannan ƙamshin ba.

Sai a nan ya ce ta kwance ledar. Ta kalle ni, na gyaɗa kai. Ya ɗauki hular da hannu biyu ya kifa a fuska. Ni kuwa ina kallonsa, don na haifi bakwai, na san fuskar mai ɓoye abu. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, idonsa na yawo kamar mai neman mutum a kasuwa. Ya mayar da sauri ya ce ta ɗaure. Na tura Auta waje, na ce masa ya faɗa mini gaskiya.

"Hajiya," ya ce, "hancin ya tafi ya bar ni da shago. Tun zazzaɓin da na yi damina biyu da suka wuce. Da ƙirgen ɗigo nake aiki, da abin da na tuna."

Ashe shi ya sa ya ƙi karɓar hular tun farko. Ban tausaya masa a take ba, ba zan yi ƙarya ba. Na ce masa yarinyar nan shaƙa take tattali kamar mai tattalin ruwa a tafiya, shi kuma ya cinye mata guda a banza, kuma sai ya mayar. Bai yi musu ba. Wani zai ce tsufa ne, ya ba da haƙuri, ya sallame mu. Shi sai ya ce a kira masa ita, ya faɗa mata da bakinsa, sannan ya ce tunda ba shi da hanci, zai ari nata.

Ya fara yi mata tambayoyi. Wane lokaci take jin ƙamshin mijinta? Ta ce da safe ai tana fama da yara da tukunya, shi kuma a bakin ƙofa yake shafawa ya fita, ba ta ma ji. Wanda ta sani shi ne na yamma, in ya shigo ya cire hula ya rataye a ƙusa, ya zauna ya ce a ba shi ruwa. Baba ya dafa gwiwa ya yi wata 'yar dariya mai ciwo.

"'Yata, ki yafe mini. Kafintan ƙarfe bakwai nake ta ba ki. Ni shi na sani. Ke kuwa na ƙarfe biyar kika aura."

Ya ce zuwa yamma mai sallama ya daɗe da tafiya, mai hira ma ya tashi. Abin da ya rage mai kwana ne, kuma mai kwanan Kafinta ba sandal ba ne, miskin kamfanin nan ne da yake sawa don rana da gumi suna korar na asali. Ɗigo biyun da ya raina ya cire, su ne mutumin. Sauran kuma ba a kwalba yake ba, a wurin aiki yake.

Washegari tsohon nan ya rufe shago da rana tsaka, abin da mai takalma ya ce bai taɓa gani ba, ya tafi rumfar kafintoci da sandarsa. Ya sami abokin aikin marigayin ya tambaye shi wane katako suka fi yi. Ya durƙusa ya kwashi ɓarɓashin katakon da ke ƙarƙashin teburin Kafinta, ya jiƙa cikin man da ba shi da ƙamshi, ya bar shi mako uku, ya tace. Sannan ya riƙa ɗiga haɗinsa a ɗan ƙyalle, ya maƙala cikin hular abokin aikin da safe, mutumin ya wuni da shi yana fama da zarto. Abokin har yana tsokanarsa, wai matarsa ta fara tambayar inda yake zuwa. Ƙarfe biyar a kawo ƙyallen, Auta ta zo ta shaƙa. Ta ce katako ya yi yawa, ya rage. Ta ce akwai wani ɗan zaƙi da babu, ya koma kantar hagu ya daɗe yana kallon kwalaben da ya yi shekaru yana yi wa fuska, ya zaɓo. Sau goma sha ɗaya. A tsakani sau biyu kawai ya yarda a kwance ledar don ta gwada, kuma a na biyun ta fito ta ce mini da kyar ta same shi.

Ranar da ya ba ta kwalbar ƙarshe, ya hana ta buɗewa a shagon, wai ƙamshi arba'in ne a wurin, za su yi mata surutu. Ya ce ta je gida, ƙarfe biyar ta ɗiga ɗaya a hular, ta rataye a ƙusarta, ta shiga kicin ta yi abin da ta saba, sannan ta fito.

Ina zaune a wurin. Ta yi yadda ya ce. Na ji tana motsa tukwane, can ta fito tana goge hannu. Ta zo daidai ƙofar ɗakin sai ta tsaya cak. Ta juya ta koma, ta dawo da ruwa cikin kofin marigayin, wanda ba a taɓa ba tun bara. Sai da ta zo gaban kujerar da yakan zauna ta ga abin da ta yi. Ta tsaya da kofin a hannu, ta ce a hankali, "Sannu da aiki." Ta zauna a kujerar ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar, ta shanye ruwan. Ranar har ƙarin abinci ta nema.

Da safe muka koma shagon. Tun kafin ta yi godiya ya gane, ya ce ta zauna. Ya ɗauki siririyar takardar gwajinsa, ya rubuta mata haɗin ɗigo-ɗigo, abin da bai taɓa rubuta wa kowa ba, don ko ba ya nan wani ya iya yi mata. Sannan ya rufe ido ya ce, "To faɗa mini yadda yake." Ta yi ta faɗa masa, katako mai ɗumi, da ɗan gishirin gumi, da wani laushi a ƙasa kamar rigar da aka goge. Yana ta gyaɗa kai. Aikin da ya fi kowane a shekara arba'in da ɗaya, har yau bai ji shi ba.

Baba Mai Turare, kai ne ka durƙusa da furfurarka a ƙarƙashin teburin wani kana tsintar ɓarɓashi. Kai ne ka ce wa sa'ar 'yar cikinka ka yi kuskure, ba ka ɓuya bayan shekarunka ba. Gwani, mai hannu ko ba hanci. Ka cinye wa Auta shaƙa ɗaya, ka mayar mata da ta sauran rayuwarta, na soke wannan bashin. Saura wanda ke kaina. Allah ya saka maka, ya sa ka ji ƙamshin da ba ya tafiya.

Ku kuma masu son haɗa turarenku, maza da mata, kafin ƙarshen wata ku je ku zauna gabansa, ba ya korar kowa. Ku koyi jira mako uku. Kada ku raina kantar hagu don ta dama ta fi asali. In za ku haɗa wa wani, ku tambaye shi ƙarfe nawa.

Ni dai na sami hanyar rage nawa nauyin. Hancina lafiya lau yake, ko 'ya'yana sun sani, ba a ƙona miya a ɓoye mini. Kullum da safe nakan tsaya bakin shagon in ba shi labari, kuma na riga na tambayi matarsa hanyar gidansu saboda wata mai zuwa. Jiya an yi yayyafi. Na ce masa ƙasa tana ƙamshi, mai lemo ya ɓare sabo, mai takalma kuma ya buɗe gam ɗinsa ya ɓata komai. Ya rufe ido ya ce in ɗan dakata a kan ƙasar, in faɗa a hankali.