Bazarar da Aka Yi wa Yaya Ƙaho

Mutanen gidanmu sun daɗe da yi mini shaidar zargi. Tun ina yarinya, idan aka ba ni tuwo sai na ɗaga malmalar na leƙa ƙarƙashinta, innarmu ta yi ta faɗa tana cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Har na yi furfura ban daina ba. Shi ya sa lokacin da yayana ya fara ciwon ƙirji, duk garinmu Yankara aka yarda olsa ce, ban da ni da nake aure a Kankara.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma mu biyu muka rage a ɗakinmu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya aurar da ni. Manomi ne na masara da dawa, ƙato mai yawan dariya, wanda bai taɓa kwana a asibiti ba. Amma a shekarar nan, idan ya nufi gona sai ya tsaya a hanya ya dafe ƙirji, gumi na karyo masa, ciwon na sauka har hannunsa na hagu. In ya huta sai ya lafa. Mai kemis ya yi ta ɗura masa farin maganin nan mai kauri. Na ce musu ni ban taɓa jin olsar da ke jiran mutum ya hau tudu ba. Na yi ta mita har babban ɗansa ya gaji ya kai shi asibiti, daga can aka tura su wani babba a birni. Na ce ƙafata ƙafarsu.

Likitan zuciyar ya nuna mana hoto a allo, wasu zare-zare suna motsi kamar saiwar ciyawa. Ya sa biro a wani wuri da zaren ya tsuke, ya ce nan kitse ya taru a jijiyar da ke shayar da zuciya, in jini ya daskare a wurin hanya ta toshe gaba ɗaya. Ya ce aiki iri biyu ne. Ko a tsaga ƙirji a ɗebo jijiya daga ƙafa a yi wa jinin sabuwar hanya, ko a zura siririn bututu ta wuyan hannu a buɗe wurin, a bar 'yar ragar ƙarfe ta tokare shi. Na zuba masa ido ina jira ya fara zaƙin baki irin na masu tallar magani a kasuwa. Bai yi ba. Ya ce kowanne da haɗarinsa: jini na iya ɓallewa, ɓarin jiki na iya shanyewa, ƙoda na iya taɓuwa, wani ma ba ya tashi. Barinsa haka kuma ya fi duka haɗari.

Na ce, "Likita, in ɗan'uwanka ne, wanne za ka yi masa?"

Ya ce, "Hajiya, tunda jijiya ɗaya ce ta tsuke, ragar zan sa masa. Amma ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

Maganar ta ba ni haushi. Na raya a raina cewa yana share wa kansa hanyar gudu ne tun kafin a fara.

Aka yi aikin sa ragar, Yaya na ido biyu, ya fito yana ba mu labari. Ranar sallama likitan ya zaunar da mu ya ɗaga wasu ƙwayoyi iri biyu. Ya ce ragar nan baƙuwa ce a jiki, jini na son daskarewa a kanta kafin nama ya rufe ta, waɗannan ƙwayoyi su ke tsinka jinin. Ya ce Yaya zai riƙa zubar da jini da abu kaɗan, kada hakan ya tsorata mu, in ya yi yawa a kawo shi. Amma kada a kuskura a dakatar da su, ko haƙori za a cire masa sai an tambaye shi, shi likitan. Ya maimaita har na fara zargin ko ya ɗauke mu kurame ne.

Yaya ya koma gida yana tafiya har gona ba tsayawa. Sai dai abin da likita ya faɗa ya tabbata. In ya yi asuwaki da safe sai kan icen ya yi jawur. Haɓo ya zame masa abin kullum, in ya ɗan bugi ƙofa sai wurin ya yi baƙi. Masu zuwa dubiya kuwa kowa da tasa. Wani ya ce maganin da ba ya ƙarewa ai turke ne, an ɗaure mutum kenan. Wani ya ce ƙarfe a cikin zuciya, to in ya yi tsatsa fa? Yaya na dariya, amma na lura yana saurare.

Akwai wanzamin gidanmu, sa'ar Yaya ne kuma amininsa. Ubansa ne ya yi wa Yaya kaciya, uban ne kuma ya yi mini askin suna, haka gidajen biyu suka gada. Duk bazara, kafin ruwa ya sauka, sai ya zo da zabirarsa ya yi wa mazan gidan ƙaho. Ya ɗan tsattsaga baya da aska, ya kafa ƙahon ya zuƙe, a fitar da mataccen jini don a shiga aikin damina da sauƙin jiki. Ba a kiransa, shi ya san lokacinsa, kuma ba a mayar da wanzamin gida. Kafin in koma Kankara na ja matar Yaya gefe na ce bana ban da ƙaho. Ta ce to. Mace ce mai sanyi, ko wuta ka ce ta taka za ta ce to.

Da zafi ya tsananta na sake zuwa Yankara. Na tarar da gida cike da murna. Haɓo ya ɗauke, baƙaƙen tabban nan sun ɓace, kowa na cewa Alhaji ya warke sarai. Ni kuwa gabana ya faɗi. Da safe na zauna kusa da shi yana asuwaki, na ga kan icen fari tas. Da hantsi yana gyaran danga ƙaya ta karce shi a hannu, jinin ya ɗan tsatso ya tsaya nan take. Ruwa ba ya tsami banza. Na tambaye shi ko yana shan maganinsa, sai ya ce in duba masa ko an ba raguna dusa.

Da azahar ya tuɓe babbar riga zai yi alwala, na zagaya bayansa kamar mai neman buta. Ga su nan a ƙasan wuya da kan kafaɗu, 'yan tsage-tsage a jere sun bushe.

Na ce, "Yaya, ƙaho aka yi maka."

Ya ce, "Auta, ke dai ba ki barin mutum shi sha ruwa. Zauna in gaya maki."

Ya ce karon farko da aka kafa masa ƙahon, jinin ya ƙi tsayawa, ya yi ta bin bayansa kamar ruwan jar kanwa, har wanzamin ya tsorata ya yi ta danna tsumma. Shi ne ya ce masa jinin nan ba shi da jiki, ya ɗan ajiye ƙwayoyin ya yi kauri tukuna. Ya ajiye. Da aka sake kafawa kuwa sai ga jini ya fito baƙi ƙirin, guda-guda kamar hanta.

Ya ce, "Abin nan da likita ya ce shina daskarewa shi toshe hanya, wallahi da idona na gane shi cikin ƙwarya. An hidda shi waje. To ƙwaya kuma ta mi, tunda abin da take tsaro ya hita?"

Na ce masa kowane jini in ya fito ya sha iska daskarewa yake, ko na rago ne. Na ce jinin baya daban, jijiyar zuciya daban. Ya yi murmushin nan da yake mini tun ina rarrafe, ya ce yaushe na zama likita, ni da na fi kowa zagin likitan a mota ranar da muka dawo daga birni.

Ranar kasuwa na sa mayafi na tafi wurin wanzamin a rumfarsa. Na tafi da niyyar in kama shi da wata muguwar manufa, don na kwana biyu ina saƙa abubuwa a kansa. Na same shi yana wasa aska. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ajiye ta, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Hajiya, tare munka tashi da Alhaji, in cuce shi in je ina? Ni ban ce mashi shi bari ba, cewa na yi shi dakata har mu gama. Ban san bai koma ba."

Na yi ta kallonsa ina neman ƙarya a idonsa ban samu ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Na sa babban ɗan Yaya ya kira asibiti. Suka ce ya koma kan maganin a ranar, kuma a kawo shi su duba. Yaya ya ce magani zai sha don in bar shi ya huta, amma birni sai bayan shuka, ga hadari na haɗuwa kullum, ga hanyar ma ba kowane lokaci ake binta ba. Na zauna a gidan na zame masa ƙarfen ƙafa. Kullum da safe in miƙa masa ƙwaya da ruwa, in ya haɗiye in ce ya ɗaga harshe. Yana yi yana tsokanata, wai ko mijina haka nake tsare shi. Ban tafi ba sai da na ga asuwakinsa ya fara ja. Ranar da zan hau mota na riƙe hannunsa na ce ya yi mini alkawari. Ya ce, "Allah shi kai ki lahiya, Auta." Sai da muka yi nisa na tuna ba alkawarin ya yi ba.

Ruwan shuka ya sauka, aka yi shuka, masara ta fito har aka fara noman farko. Duk wanda ya zo daga Yankara sai na tambaye shi, a ce mini lafiya lau, yana ma gona. Wata safiya ina tankaɗe aka kira ni a waya. Aka ce Yaya ya sunkuya da fartanya ya dafe ƙirji ya zauna, bai ƙara tashi da ƙafarsa ba. Aka ɗauko shi a babur zuwa bakin titi, aka sa shi a mota. Kafin su kai Funtuwa rai ya yi halinsa.

A zaman makoki kowa ya kawo tasa. Masu cewa ƙarfen nan ne ya kashe shi sun fi yawa, har da waɗanda suka fi kowa yabon aikin a da. Wanzamin ya zauna a ƙofar gida yana kuka kamar mace, ba wanda ya ga laifinsa. Daga baya ɗan Yaya ya tambayi likitan. Ya ce in an bar maganin, ya fi zaton jini ne ya daskare a kan ragar, amma ba zai rantse ba, don ko mai shan magani wani lokaci hakan na samunsa. Yadda ya ƙi yi mini alkawari da farko, haka ya ƙi yanke mini hukunci a ƙarshe. Na tambayi matar Yaya ko ya ci gaba da shan maganin, ta ce cikin kuka ai yana sha, kullum takan ga ya shiga ɗaki da kofin ruwa.

Na so in yarda da ita, wallahi na so. Amma da mata suka ragu na tashi na zagaya bayan ɗakinsa, inda yakan tsuguna da safe. Yana da al'adar soke asuwakinsa a jikin zana idan ya gama. Yana nan inda ya bar shi ranar da ya tafi gona. Na zaro shi na juya shi a rana, na buɗa bakin da ya tauna da farcena. Fari ne tas, babu ko ɗigo.

Na daɗe a tsaye ina jin haushinsa, ina kuma jin kewarsa, har na rasa wanne ya fi yawa. A duk zarge-zargen da na yi a rayuwata, wannan ne kaɗai na roƙi Allah ya ƙaryata ni. Na mayar da icen inda na zaro shi, na goge fuskata, na koma ɗaki na zauna kusa da matarsa. Ta ce ina na je, na ce bayan gida.