Shekara Artis

Ni Sallau, ɗan kamasho ne a tashar Matamai. Aikina in cika mota, in ɗaure kaya, in yi faɗa da direbobi. Matan da na saka a motar Damagaram da hannuna, masu niyyar wucewa Agadas su shiga Aljeriya neman abinci da goyo a baya, ba su ƙirguwa. Wasu sun dawo. Wasu ko labarinsu ba a sake ji ba. Shi ya sa ranar da ƙanwata Shekara ta ce ita ma bayan girbi za ta bi su, sai na shiga hana ta.

Innarmu ta ce Shekara ta daɗe a ciki har aka gaji da jira, shi ne aka sa mata sunan, kuma har gobe ba ta san gaggawa ba. Ka aike ta ɗebo ruwan alwala, gara ka yi taimama. Amma a miƙa mata kaba da basilla, a ga aiki. Tun tana yarinya ta koyi ɗinkin faifai wajen Inna, ita ke rina kabarta ja da kore da baƙi, kuma ba ta maimaita zane. Ta yi aure a Ɗan Barto, mijin ya rasu ya bar ta da yara uku da gonar da geronta ba ya kai su bazara. Ta dawo Matamai ta tarar roba ta kashe kasuwar faifai, kowa ya koma kwano mai murfi. Sai ta kai kayanta kasuwa ta dawo da abinta a ka.

"Yaya, ka sama mini wuri kusa da taga, saboda yara," in ji ta.

Na ce wallahi ba da hannuna ba.

"To, ai ba kai kaɗai ne ɗan kamasho ba."

A hankali ta faɗa, kuma na san halinta, in ta faɗi magana ta gama.

A daminar nan ne meri, wato hukumar gari, ta gyara tsohon layin marina da ke bayan kasuwa, inda rijiyoyin rini suka cike da shara. Aka yi rumfuna, aka share dandali a tsakiya. Sanƙira ya zaga gari yana shela cewa duk wani artis ya je a ba shi rumfa. To mu a nan, in an ce artis, ai mai waƙa ne a gidan biki, mai baƙin tabarau da fiyano. Makaɗa suka yi dafifi, maƙera da dukawa da masu sassaƙar ƙwarya kowa ya yi zamansa a gida. Rumfunan suka zama makwancin awaki, ni kuma na yi ta zagin masu ɓarnar siminti.

Wata rana Shekara ta kawo mini fura tasha, ta rufe ƙwaryar da faifanta. Madam Anisa, wadda meri ta ɗora a kan layin, tana jiran mota ta cika. Ta ɗauki faifan ta jujjuya shi, ta ce, "Wane artis ne ya yi wannan?"

Shekara ta gyara lulluɓi, ta ɓata rai. "Madam, ki ji tsoron Allah. Ni uwar 'ya'ya ce, ban taɓa hawa dandali ba."

Ni ma har na fara naɗe hannun riga. Madam Anisa ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ba da haƙuri. Ta ce a bakinsu na 'yan lakwal, wato 'yan boko, duk mai yin abu da hannunsa ya yi kyau, shi ma artis ne, kuma wata da watanni irin su Shekara take jira. Washegari aka sake tura sanƙira, wannan karon da Hausa tsantsa: duk mai sana'ar hannu ya zo.

Kada in yi muku ƙarya, ba dare ɗaya abin ya kankama ba. Shekara ta karɓi rumfa, amma ba ta janye maganar tafiya ba. Sai dai da aka haɗa masu sana'a wuri guda, wanda ya zo sayen wuƙa sai ya ga kube wajen baduku, wadda ta zo sayen ƙwarya sai ta nemi abin rufewa. Aka yashe rijiya biyu, shuni ya dawo. Ranar kasuwa da la'asar makaɗan nan su buɗe dandali, mutanen ƙauye su fasa komawa da wuri, mai shayi da mai tsire su samu. Masu haɗa kayan ɗakin amare daga Damagaram da Daura suka ji labari. Ni kaina motocina sun fi saurin cika.

Aka yi girbi, aka kai gero rumbu. Ban tambaye ta maganar tafiya ba, don tsoron amsar nake. Wata safiya ina kan mota ina jan igiya, sai na hango ta tafe da ƙaton ƙunshi a ka, yaran uku na biye da ita. Na sauko, na ce a raina shi ke nan, tafiya ta zo.

Ta sauke ƙunshin a gabana tana haki. "Yaya, ka sama masa wuri mai kyau, kada a danne shi da buhu. Faya-fayan wata Hajiya ne a Damagaram."

"Ke fa?"

"Ni ina zan je? Na bar rumfa ba kowa."

Na ɗora kayan nan can sama, na ɗaure su da kaina, na yi wa direba kashedin da bai taɓa ji ba. Da na juyo, har ta kama hanyar layin marina, tana tafiyarta ta rashin gaggawa, yaran na gabanta da allunansu. Allah ya saka wa Madam Anisa da alheri, ya saka wa duk wanda ya ɗora bulo a layin nan, har da awakin da suka yi gadinsa. Yanzu duk gari Shekara Artis ake kiran ta, kuma tana amsawa. Ni kuwa ranar sai da na zaga bayan mota na goge idona, kafin in ci gaba da kiran Damagaram, saura mutum ɗaya.