Bakin Wuta

A gidan hayar da na tashi a Agege ta Ikko, Kaka Ladi ce kaɗai ta ƙi rabuwa da murhu. Lokacin an gama yaƙin basasa, kuɗin mai ya fara shigowa gari, kowace mace a gidan ta sayi risho tana hura hanci. Kaka kuwa ta ce abincin da aka dafa da kananzir ɗanɗanon fitila gare shi. Duwatsunta uku suna bayan ɗakinmu, jikin katangar da ke kallon layin dogo. A nan take tuyar ƙosai da yamma, a nan kuma muke taruwa bayan sallar isha'i, mu yaran gidan, Hausawa da Yarabawa, har sai sauro ya kore mu.

Mahaifiyar babana ce. Daga duwatsun ƙasar Muri ta fito, Hausarta da 'yar gargada, kuma Kirista ce. Baba ya baro gida yana saurayi, ya biyo jirgin shanu zuwa Ikko, wani mahauci ya riƙe shi a kwata, ya musulunta a hannunsa, daga baya ya auri 'yarsa. Da kakana, mijin Kaka, ya rasu sai Baba ya je ya ɗauko tsohuwa. Bai rage ta da komai ba, in ya dawo daga kwata hantar da ta fi taushi tata ce. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba, raka ta ko da bakin titi ran Lahadi. Ita kaɗai take ɗaura ɗankwalinta ta tafi cocin da ake wa'azi da Yarabanci, inda ba ta jin komai sai amin. Ni Ɗanjuma, ni ne mijinta na wasa. Takan ce Lahadi ta auri Juma'a, Asabar ce kawai ta shiga tsakani.

Tana da tatsuniyoyin kura da zomo kamar kowace tsohuwa, amma akwai labari ɗaya da ba ta fara shi sai ta zaro itacen da ke ci a gefe guda daga murhu, abin da ake kira bakin wuta, ta ɗaga shi mu gani.

"Wannan kam kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta," in ji ta. "Ba tatsuniya ba ce. An yi shi, idon mutane ya gani."

Labarin wani Bature ne na ƙasar Ingila, wanda ya kafa ɗarikar cocinsu tun zamanin kakannin kakanni. Sunansa bai zauna a bakinta ba, sai take ce masa Bakin Wuta. Ubansa fasto ne a wani ƙauye, talaka mai 'ya'ya rututu. Wata rana gobara ta kama gidansu mai jinkar ciyawa, aka fito da yara, aka ƙirga, saura ɗaya bai fito ba. Sai ga shi a tagar bene, ɗan yaro bai fi ni ba, wuta a bayansa. Uban ya gwada matakala ta ƙi, ya durƙusa yana miƙa ran ɗansa ga Allah. Babu tsani, babu lokacin neman tsani. Sai wani maƙwabci ya jingina da bango, wani ya taka kafaɗarsa ya hau, ya fizgo yaron, jinka ta rufta. Tun daga ranar ake ce da shi bakin wutar da aka zaro daga gobara.

Ya girma ya yi karatu, shi da abokansa suka tsara wa kansu lokacin addu'a da na azumi da na ziyarar fursunoni, har ana yi musu ba'a ana kiransu masu ƙa'ida. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ƙetare teku don wa'azi, ya dawo hannu rabbana. Sai wata yamma yana zaune ana karatu, ya ji zuciyarsa ta yi ɗumi, Kaka ta ce kamar yadda garwashi ke farfaɗowa a ƙarƙashin toka. Daga nan ya hau doki. Manyan coci suka rufe masa ƙofa, ya koma fili, yana yi wa masu haƙar kwal da 'yan giya da waɗanda ba su da rigar shiga coci wa'azi cewa Allah bai manta da su ba. Aka jefe shi da duwatsu, ya share jini ya ci gaba. Da ya je ƙauyensu aka hana shi cocin ubansa, sai ya hau kan kabarin uban ya yi wa'azinsa. A nan muryar Kaka takan yi ƙasa. Ya tsufa bai bar ɗa ba, bai bar dukiya ba, ya yi wasiyya talakawa su ɗauki gawarsa. In ta kai nan sai ta soka itacen cikin toka ta ce, "Ƙurunƙus, wuta ta kwanta, ku ma ku je ku kwanta."

Ina ɗan shekara bakwai ko takwas wani yaro a makarantar allonmu, Bala, ya ce mini kakata 'yar wuta ce. Ba faɗa muke ba, faɗa mini kawai ya yi kamar mai ba da labarin an yi ruwa a unguwar Iddo. Ban tambayi malam ba, don ina tsoron amsar. Kwana da kwanaki na kasa cin ƙosanta. In na kalle ta tana gyara itace, hasken yana lasar fuskarta, sai in kau da kai. A kan yaro, wuta ai wuta ce, ta murhu da ta gobara da ta lahira duk ɗaya na ɗauke su. Na yi ta tunani har na samo dabara, tunda an taɓa zaro wani.

Ranar da ta sake ba da labarin, na jira yara suka watse, na faɗa mata abin da Bala ya ce, ina kuka. Ta sa itace ta tona toka.

"Maigida, wannan shari'ar ba ni da kai za mu yanke ta ba," in ji ta. "Ta Mai Sama ce."

Na ce kada ta damu, in ranar ta zo zan taka kafaɗar wani in hau in zaro ta, ita dai ta tsaya kusa da taga. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sannan ta share ido da bakin zane, ban san ko na dariyar ba ne.

"To, kai ka hau. Wa zai tsaya a ƙasa? Kowa yana tuna yaron, wasu suna tuna wanda ya miƙa hannu. Shi wanda aka taka fa? Fuskarsa tana jikin bango mai zafi, ko yaron bai gani ba."

Da ta faɗi haka ba ni take kallo ba. Baba yana zaune a ƙofar ɗaki kan buzu da carbinsa, duk ya ji. Ya tashi ya shige ciki.

Daminar da ta biyo baya Kaka ta kwanta, ba ta tashi ba. Mutanen cocinsu suka zo da akwati, 'yan tsofaffi ne da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Abokan Baba na kwata suka zo gaisuwa, wasu suka ce masa ya yi mata duk abin da ɗa ke yi wa uwa, sauran ya bar wa masu addininta. Baba ya ce to. Amma da aka ɗauki akwatin sai ya kama hannuna muka bi su daga nesa, cikin taɓo, har maƙabartarsu. Suka shiga, mu muka tsaya a waje. Katangar ta fi Baba tsawo. Muna jin waƙa, ba ma ganin komai.

Ya tsaya jim, sannan ya tuɓe hularsa ya cusa a aljihu, ya durƙusa.

"Oya, maza hau," in ji shi.

Na taka kafaɗarsa da ƙafafuna masu taɓo, a kan farar rigarsa, ya miƙe ya jingina goshinsa da katanga. Ya ce in faɗa masa abin da nake gani. Na ce sun ajiye ta a bakin rami. Na ce wani tsoho yana karatu. Na ce sun sa igiya suna saukar da ita, a hankali suke yi, ba su buga ta ba. Ina wannan bayani na miƙa hannu ta kan katanga, ban san na miƙa ba, kuma ko kusa bai kai ba. Sai na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashina. Na zaci jirgi ne ke wucewa. Kafaɗun Baba ne.

Yau na girmi Baba na wancan lokaci nesa ba kusa ba. Ina sallata, na kuma bar wa Allah abin da yake nasa, kamar yadda ta ce. Na daɗe ina zaton saboda Baturen take ba mu labarin nan, ko don ta ja mu zuwa cocinta, alhali ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa in bi ta ba. Sai da na haifi nawa na gane cewa tsohuwa ce a garin da ba nata ba, tana tambayar ɗanta abin da bakinta ba zai iya tambaya kai tsaye ba, shi kuma yana jin ta daga kan buzu. Ba ta ji amsarsa ba. Ni ne na ji ta, a tafin ƙafata.

Rigar nan Inna, mahaifiyata, ta wanke ta har ta gaji, sawun taɓon bai gama fita daga kafaɗun ba. Baba bai sake sa ta ba, bai kuma yarda a kyautar da ita ba.