Baron da Inna Ta Auna da Igiya

Inna Mai Lambu ba ta iya godiya ba, kuma ba ta taɓa ɓoye haka ba. Ka kawo mata kyauta, sai ta juya ta gaba da baya, ta samo aibunta, ta faɗa maka a gaban mutane. 'Ya'yanta sun ce hali ne. To, a maganar baro dai gaskiya tana wajenta.

Shekara talatin tana noma filin bayan gida. Tumatir, albasa, alayyafo, layi-layi, da 'yar siririyar hanya a tsakani wadda ita ta fitar da hannunta. Tsohon baron da marigayi mijinta ya bari shi ke kai mata taki, har tsatsa ta cinye cikinsa, taki ya riƙa zubewa tun kafin ta isa. Autanta, wanda yake aikin ofis, ya ce ta bar masa wannan.

Ranar Asabar ya sauko da sabon baro daga mota. Ja wur, taya biyu, ciki kamar bahon wanka, irin na magina. Inna ta kama hannuwan ta ɗaga, babu komai a ciki, amma sai da kafaɗarta ta amsa. Ta cije ta tura shi cikin lambu. Tayar dama ta bi ta kan albasa, ta hagu ta kwantar da dashen tumatir da ta yi sati uku tana reno.

"Auta, wannan na kwasar kankare ne ko na lambu?"

"Inna, shi ne mafi ƙarfi a shagon. In ya yi miki nauyi ai sai ki huta haka nan. Shekaru fa sun ja."

Nan ta gane inda aka dosa. Shi da yayyensa sun daɗe suna son ta bar lambun ta zauna a falo tana kallon bango, yanzu kuma sun sami hujja: tsohuwa ta kasa tura baro. Ko ɗayansu bai taɓa tambayarta faɗin hanyar ba.

"Kwashe kayanka," ta ce. "Ba kai kake ɗauke mini shekarun ba."

Ranar Litinin ta yanki igiya daidai faɗin hanyar, ta ƙulla wata daga ƙasa zuwa tafin hannunta, ta nufi layin masu sayar da kayan gini. Mai shago ya fito mata da irin jan nan.

"Hajiya, wannan har jikoki."

"Jikokin ne za su tura? Mayar da shi. Sauko mini da wancan mai taya ɗaya."

Ta gwada igiya a ƙafafunsa, ta gwada ɗayar a hannuwansa. Ta danna tayar da babban yatsa, ta ƙwanƙwasa cikin ta ji kaurin ƙarfen. Sannan ta sa aka ɗora buhun siminti a gaba, saitin taya, ta tura daga bakin shago zuwa kwata ta dawo. Baro huɗu ta yi wa haka.

"Hajiya, ko mota ba a yi mata wannan binciken."

"Mota kai take ɗauka, ɗan nan. Wannan ni zan ɗauke shi."

Na huɗun ta zaɓa, ƙarami, mai fentin da ba ya burge kowa. Ta ce hannun ya yi santsi, ta tsaya a kan mai shagon har ya naɗa mata roba.

Da 'ya'yan suka zo Asabar, sun same ta tana ratsa layukan da baron cike da taki, ko ganye ɗaya ba ta taɓa ba. Auta ya taso da sauri zai karɓa. Ta ajiye baron, ta dube su duka.

"Abu ɗaya nake roƙonku. Duk wanda ya gan ni da baron nan, kada ya taɓa hannunsa. Ya buɗe mini ƙofar lambu, ya matsa gefe."