Furar Alhamis

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: a rumfar furar Innata akwai ludayin da nake ɓoyewa saboda mutum ɗaya.

Direba ne daga Ƙaura, duk Alhamis ranar kasuwar Shinkafi yake zuwa. Yana son furarsa da gudaji, ba sukari. Ni nake damawa a bayan zana, Inna ta miƙa masa. Bai taɓa ganina ba.

Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da ni. Yau ya kurɓa sau ɗaya, sai na ji ya ce, “Yauwa. Inna, waccan Alhamis hannu ya sake. Mai damawar lahiya dai?”

“Tana bayan zana tana jin ka. Kunya ce sana'arta.”

“A gaishe ta. Sati mai zuwa ne na ƙarshe, an maida motata hanyar Zurmi.”

A littattafan da nake karantawa, yarinya takan yi magana a nan. Ni ludayin na rungume.

Alhamis mai zuwa ni zan miƙa masa ƙwaryar da hannuna. 'Yan uwa, me ake cewa bayan “bismillah”?