Layar Malama Zaituna

Kafin masu aikin gini su fita daga Gataa El Oued, unguwarmu ta 'yan ci-rani, Malama Zaituna ta riga ta ɗora farantin sola a kan rufin ɗakinta, ta jera ƙananan rediyoyi suna shan caji. Sai yara su taru, 'ya'yan waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, ta kunna musu karatun da ta ɗauka da muryarta: baƙaƙe, lissafi, ɗan Faransanci. Shekara da shekaru tana wannan aiki.

Ni Rakiya mai abinci ina tsallaken lungu ina kallonta, kuma ba zan ɓoye muku ba, kishinta nake yi.

Ɗiyata Khalida ta daina magana tun ranar da aka ƙone garinmu. Na yi lallashi, na ba ta rubutu ta sha, shiru kake ji. Tana fara zama gaban rediyon Zaituna, ba a jima ba yarinya ta buɗe baki. Kun san me ta ce? Ba "Inna" ba. Cewa ta yi, "Malama, sake kunnawa." Na rangaɗa guɗa a gaban mutane, na shiga ɗaki na yi kuka, rabin kukan na haushi ne.

Kowa ya san zamanmu a nan, baƙi ne mu marasa takarda a ƙasar wasu. Ranar da motocin kora suka zo, wanda aka kwasa sai iyaka, waya da kaya duk a baya, wani lokaci uwa a wata mota, ɗa a wata. Zaituna ta lura ba mai taɓa layar wuyan yaro. Sai ta riƙa zuba darussa a katin memuwar, ɗan katin nan na waya, ta kai wa baduku ya ɗinke shi cikin fata. Tijani mai gini ya ce da idonsa ya ga wani ɗalibinta a Agadas, an farke layarsa an sa katin a rediyon aro, yara sun kewaye shi suna bin karatu.

Ke ce lekkol, makaranta mai rataya a wuya, Zaituna. Ke kika sa ɗiyata magana, ni da na haife ta na kasa.

Yanzu maƙogwaron Zaituna ya gaji, za ta koma Damagaram. Jiya ta kira ni in ji katin Khalida kafin a ɗinke shi. Bayan darasin ƙarshe sai na ji wata murya tana ƙwala kira: "Khalida! Taho ki ci tuwo tun bai huce ba!" Muryata ce.

Na ce, "Malama, yaushe kika ɗauki wannan?"

Ta ce, "Ai kullum sai kin cika mana lungu da shi. In mota ta raba ku, Rakiya, lissafi ba ya hana yaro kuka."

Na gode, Zaituna, Allah ya saka miki da alheri. Ku masu waya a aljihu, ga hanya ta nuna muku, ku bi. Ni dai har yanzu abin yana cina: ni ce uwar, amma ita ta tuna.