'Yar Hanyata ta Bayan Tafasa

Abin da na fara gani da na sauka daga kan acaɓa shi ne ƙofar zaurenmu, tsirara, tun daga bakin titi. Ban taɓa hango ta daga nan ba. Da na tafi makarantar kwana na bar ƙofar gidanmu a Makarfi cike da tafasa da tumfafiya da bini-da-zugu, ga wani tsohon amalanken shanu da ya zauna a kan ƙafa ɗaya tun ina firamare. Yanzu duk babu. An share wurin tas, an jera duwatsu an shafa musu farar ƙasa.

Sai na tsaya cik, domin a bayan ciyayin nan nake da hanyata. Siririya ce, tana bin jikin katanga har bakin zaure. Ta nan nake sulalewa idan dattawa sun cika dakali bayan la'asar. Ba ƙin gaisuwa nake ba. Sai dai gaishe su aiki ne: ki durƙusa, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, a tambaye ki gajiya, da karatu, da malamai, da abincin makaranta. Ƙarshe Baffa, yayan mahaifinmu, ya ce, "To 'yar boko, yi mana Turanci mu ji."

Ran nan haka na durƙusa da akwatina a gefe, na yi musu Turancin.

Gyaran ƙofar gidan aikin Yaya ne, babban wanmu. Ya dawo daga Kaduna da furanni a cikin baƙaƙen ledoji, ya ce ƙofar gidan nan tana ba shi kunya in abokansa sun zo. Baba bai hana ba, amma ya ce ba za a dasa komai a ƙasarsa a baje ba. Manomin rake ne, bai san wata shuka ba sai a kan kunya. Ya ɗauko garma ya ja kunyoyi dogaye daga zaure har titi, miƙaƙƙu kamar an sa igiya, ya bi kowace shuka ya zuba mata taki a gindi. Mai babur ya zo, sai ya ajiye a titi ya tsallako.

"Wannan ja ɗin me take haifa?" in ji Baba.

"Ba ta haifar komai, Baba. Kyau ne kawai," in ji Yaya.

"Ganyen fa, ana miya?"

"A'a."

"Ikon Allah. To wata nawa take yi kafin a cire ta a sa abin kirki?"

Baffa daga kan dakali ya ce shi abin da ya fi ba shi tsoro, akuyarsa ta sunsuna ta wuce. Abin da akuya ta ƙi, a yi hattara da shi.

Ni dai tsayinsu nake dubawa. Mafi girma a cikinsu ba ta kai gwiwata ba. Ko kaza ba za ta ɓuya a nan ba. Kuma da aka kwana biyu ba ruwan sama, ni aka ɗora wa ban ruwa, da yamma, a gaban dattawa. Kowane bokiti da gaisuwarsa. Har na san wanda takalminsa ya tsinke aka ɗinke da zaren buhu, saboda ƙasa nake kallo.

Wata safiya na tarar da Baba shi kaɗai yana gyara bakin kunya da fartanya. Na gaishe shi na tsaya. Bai ɗago ba ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "da muna sharar wurin nan mun ga abin mamaki. Wata 'yar hanya a jikin katanga, a daddaɓe kamar ta gafiya. Sai dai gafiyar nan da silifa take yawo."

Na ja mayafi na rufe baki. Kafaɗunsa na rawa don dariya, yana ta kaftar ƙasar da ba ta bukatar kafta.

Na dubi jikin katangar. Yaya bai dasa komai a nan ba, furanninsa sun ƙare kafin ya iso. Na tuna yadda rake yake rufe mutum ruf a fadamar Baba, ko ɗan dogo ne.

"Baba," na ce, da 'yar muryar da ta rage mini, "wurin nan ya yi fili da yawa. Don Allah ka dasa mana rake layi biyu. Amma kar ka manna shi da katanga, ka bar ɗan wurin wucewa."